Wata Takwas a Kan Tudu: Abin da Mallakar Kwale-kwale Ta Koya Mini

Gulbin Sakkwato yana tasowa ne daga wajejen Funtuwa, ya ratso ta Gusau da Bunguɗu, ya taru a madatsar Bakolori, sannan ya miƙa zuwa Sakkwato inda yake haɗuwa da Gulbin Rima. Wanda ya san shi a watan Maris kaɗai zai iya rantsewa cewa ba gulbi ba ne, domin yawancinsa rairayi ne da 'yan kududdufai, masu tifa na ɗibar yashi, shanu na ƙetarawa ba tare da sun jiƙa gwiwa ba. Idan Agusta ta kama sai ya koma wani abu daban. Ruwa ya cika shi baki da baki, ja wur da laka, yana janye da rassan itatuwa, ya raba manomi da gonar da yake hange da idonsa.

Wannan hali na gulbin shi ya sa na zama mai jirgi. Muna da gonar gado a ƙetare, kuma duk damina aikin noma kan tsaya cak na kwanaki, ko a yi dogon zagaye, ko a jira 'yan fito su ga dama. Shekarar da ta wuce na sayi wani ɗan kwale-kwalen katako na hannu daga wani masunci, tsawonsa kamar mita 6, aka ɗoro shi a bayan a-kori-kura aka kawo. Yana aiki wata uku zuwa huɗu. Sauran wata takwas ɗin yana kife a bayan gidanmu a Damba, domin a halin da ake ciki na tsaro da sace-sace babu mai barin dukiyarsa a bakin gulbi babu mai gadi.

Ni ɗan jarida ne, ba basarke ba. Ba ni nake tuƙa shi ba, wani matashi ne da ya gaji ruwa yake wannan aikin. Abin da ya rage a wuyana shi ne kula da jirgin, kuma a cikin shekara guda na fahimci cewa watannin da yake kan tudu su ne suke yanke hukuncin abin da zai faru a watannin da yake kan ruwa. Wannan fahimta ta sauya yadda nake karanta labaran kifewar jiragen ruwa, labaran da mu 'yan jarida muke rubutawa duk shekara da kalmomi kusan iri ɗaya.

Abin da hunturu ke yi wa katako

Dattijon da na sayi jirgin a hannunsa bai tsaya dogon ciniki ba, amma ya tsaya dogon bayani. Da aka gama ɗaure jirgin a mota sai ya dafa shi ya ce mini da harshenmu na nan: “Ɗana, jirgi bai mutuwa cikin ruwa. Bisa tudu shika mutuwa, ruwa dai ka bizne shi.” Na ce, “To Baba, me ke kashe shi?” Ya lissafo mini abu huɗu da yatsunsa: rana, iskar hunturu, gara da tsatsa.

Daga baya na bi diddigin maganarsa, na tarar ilimin katako ya gaskata shi. Katako yana shan ruwa yana kuma fitar da shi gwargwadon laimar iskar da ke kewaye da shi. Muddin ruwan da ke cikinsa ya sauka ƙasa da kimanin kashi 30 cikin 100, sai ya fara tsukewa. Tsukewar kuwa ba daidai take ta kowane ɓangare ba: ta tsawo kusan babu ita, amma ta faɗi tana da yawa. Jirgin da aka haɗa da falankai, kowane falanki zai ja jikinsa ya rage faɗi, ƙusoshi kuma suna riƙe da shi a inda aka kafa su. Sakamakon haka abu biyu ne: ko dai haɗin da ke tsakanin falanki da falanki ya buɗe, ko kuma katakon ya tsage daga ramin ƙusa.

A ƙasarmu wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Tsakanin Disamba da Fabrairu laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Iskar da ke fasa mana leɓe da diddige ita ce ke fasa jirgi. Daga nan bazara ta zo da zafin da ya haura digiri 40, kwaltar da aka liƙe haɗin da ita ta narke ta zurare, ko ta bushe ta ɓamɓare. Jirgin da aka fitar daga ruwa lafiya lau a watan Oktoba, idan aka yar da shi a fili, zuwa watan Mayu kana iya hango hasken rana ta cikinsa.

Akwai misali a ƙasar nan da ya nuna ɗaya gefen maganar. A shekarar 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, cikin Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe, ya ci karo da wani kwale-kwale binne a ƙasa. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka haƙo shi a 1994, gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000, tsawonsa ya ɗara mita 8. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Abin da ya tsare shi duk tsawon wannan zamani shi ne ya zauna cikin jiƙaƙƙiyar laka, inda iska ba ta shiga. Ƙwayoyin da ke ruɓar da katako suna buƙatar laima da iska a tare. Katakon da ke nutse koyaushe yana daɗewa, wanda yake bushe koyaushe a inuwa shi ma yana daɗewa. Wanda ke shan wahala shi ne mai kai-komo tsakanin jiƙa da bushewa, kuma wannan ita ce rayuwar kowane kwale-kwale a kan gulbin da ke ƙafewa.

Fitarwa da ajiyewa

Aikin yana farawa ne ranar da aka fitar da jirgin daga ruwa, wajen ƙarshen Oktoba, bayan an gama kwaso amfanin gona. Abu na farko shi ne wanki, kuma a yi shi tun jirgin yana jiƙe. Laka da gansakuka suna fita da sauƙi da buroshi da ruwa a ranar farko. Idan suka bushe sai an kankare, kankarar kuwa tana ɗebe kwalta da fenti. Wurin da ya fi buƙatar kulawa shi ne cikin jirgin, ƙarƙashin katakan da suka gitta kamar haƙarƙari, inda laka da ƙaiƙayi da ƙwayar hatsi ke maƙalewa. Wannan datti yana riƙe laima, yana kiran ɓeraye da gara, kuma daga nan ruɓewa ke somawa.

Ɗaukar jirgin a mota ita ma tana da ƙa'idarta. An gina kwale-kwale ne don ruwa ya tallafe shi ta ko'ina daidai wa daida. Idan aka ɗora shi a bayan mota, rabinsa na lilo a waje, kowane rami a hanya yana lanƙwasa shi, ƙusoshi na sassautawa. Saboda haka muke shimfiɗa tsofaffin tayoyi a ƙarƙashinsa, mu sa dogayen katakai biyu su tallafi ɓangaren da ya fito, a ɗaure shi a wuri uku, direba kuma ya tafi a hankali. Inda mota ba ta shiga, amalanken shanu ya fi ta tausayin jirgi.

A gida, ba a ajiye shi a kan ƙasa. Gara ba ta buƙatar gayyata, kuma takan ci katako ta ciki ta bar fatar waje kamar babu abin da ya faru. Mun jera bulo, muka ɗora katakai a kai, muka kife jirgin a bisa, da tazarar da mutum zai iya leƙa ƙarƙashinsa. Duk mako nakan duba jikin bulon ko gara ta fara gina hanyarta ta ƙasa. Minti biyar ne, amma shi ne minti biyar mafi amfani a duk hidimar.

Sai inuwa. Mun kafa masa rumfar zana, buɗe ta gefe don iska ta riƙa ratsawa, amma an kare ɓangaren arewa maso gabas inda iskar hunturu ke bugowa. Mutane da yawa sukan naɗe jirgi da leda ko tamfol su ɗaure tam, suna ganin gata suka yi masa. Abin da ke faruwa shi ne zafi da gumi su taru a ciki, fumfuna ta samu gida. Idan za a rufe, a bar tazara tsakanin rufin da katakon. A tsakiyar hunturu kuma akan yayyafa wa jirgin ruwa jefi-jefi da yamma, don kada bushewar ta yi masa gaggawa.

Ƙyalle, igiya da rigar ruwa

Jirginmu ba ya tafiya da iska. A gulbi mai ƙunci da ƙarfin gudu irin namu, gora da filafilin tuƙi ne ke aiki. Amma a wasu wurare ƙyalle ne ke jan jirgi. A kan Kogin Neja a ƙasar Mali, wajejen Mopti, masu jirage kan ɗinka buhuna su kafa a kan sanda iska ta tura su. Alhazanmu na da, waɗanda suka bi ta ƙasa har Sudan, da yawansu a jiragen ƙyalle suka ƙetare Bahar Maliya daga Suwakin zuwa Jidda. A Ingila da Amurka kuwa akwai dubban mutane masu ƙananan jiragen ƙyalle na shaƙatawa, waɗanda suke ajiyewa a gida, su ja su da mota a kan tirela zuwa tafki idan lokaci ya yi. Matsalarsu irin tawa ce: jirgin ya fi daɗewa a tudu fiye da a ruwa.

Na karanta yadda suke kula da ƙyallen nasu, na ga darasin ya dace da kayanmu. Ƙyallen jirgi na zamani da zaren roba ake saƙa shi, dangin wanda ake yin tamfol da igiya da koma da rigar ruwa. Manyan maƙiyansa biyu ne, hasken rana da ajiya cikin laima. Rana tana cin ƙarfin zaren a hankali ba tare da an gani ba, kuma zaren ɗinki ne ke fara mutuwa kafin ƙyallen kansa. Laima kuma tana kawo fumfuna da wari. Don haka ƙa'idarsu ita ce a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙarfi, da buroshi mai laushi, a ɗauraye sosai, a shanya har ya bushe ƙarau, a naɗe ba tare da an karya shi a layi ɗaya kullum ba, a ajiye a inuwa. Suna kuma gargaɗi a kan ruwan bilic, domin yana lalata zaren nailan.

Haka nake yi wa tamfol ɗin da muke rufe hatsi da shi a cikin jirgi, da igiyar ɗauri, da rigunan ruwa guda shida da na saya. Igiya tana da wata matsala ta daban: yashi yana shiga tsakanin zarenta yana yanka ta daga ciki, don haka sai an jiƙa ta a baho an girgiza kafin a shanya. Rigar ruwa kuwa ba a zama a kanta, ba a danne ta da kaya, domin soson da ke ciki idan ya matse ba ya komawa yadda yake. Kafin damina nakan ja kowane maɗauri da ƙarfi in ga ko ɗinkin zai saki, sannan a sa wa mai tuƙin ya shiga ruwa marar zurfi a ga ko tana ɗaga shi. Rigar da ta shekara biyu a rataye a rana tana iya zama da kyan gani, amma ta yage a hannun mai ceto.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Gyara na gaske a watan Mayu ake yin sa, kafin ruwa ya sauka sosai. Na ɗauko kafintan da ya san aikin jirgi, muka bi shi taku-taku. Yana ƙwanƙwasa kowane falanki da ƙaramar guduma yana saurare. Lafiyayyen katako yana amsawa da ƙara mai kauri, ruɓaɓɓe kuma sautinsa a mace yake. Inda ya yi shakka sai ya soka bakin sukudireba. Idan ta shige ba da wahala ba, wannan wurin ba na faci ba ne, sai an cire an sa sabo.

Ƙusoshi su ne abin dubawa na biyu. Ƙusar ƙarfe idan ta yi tsatsa ba ita kaɗai take lalacewa ba, tana baƙanta katakon da ke kewaye da ita ta kuma rage masa ƙarfi, har ramin ya yi mata yawa. Baƙin zobe a kewayen kan ƙusa alama ce. Akan cire ta, a toshe ramin, a kafa sabuwa a gefe, kuma wadda aka shafe da sinadarin hana tsatsa ta fi daɗewa ko da ta fi tsada.

Daga nan sai toshe haɗi. Ana kankare tsohuwar kwalta, a cusa auduga ko tsumma a tsagar da wani ƙarfe mai faɗin baki, a bi da narkakkiyar kwalta, wani wurin a rufe da siririn kwano a kafe. A nan ne gwaninta take. Katakon a bushe yake, zai kumbura idan ya shiga ruwa. In an cusa audugar da ƙarfi fiye da kima, kumburin zai rasa wurin zuwa ya ture ƙusoshi. In kuma an sassauta, zai yi yoyo. Kafintan ya ce mini, “Alhaji, wannan aikin hannu ka sanin shi, ba ido ba.” Ban yi masa gardama ba, duk da ban je Makka ba tukuna.

Masu jirgi da yawa suna shafa baƙin mai na mota don korar gara da ƙwari. Yana da araha, yana kuma aiki, amma ni na zaɓi kwalta da fenti, domin ruwan gulbin nan shi mutane da dabbobi suke sha, kuma daga gare shi ake tace ruwan famfon Gusau.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda masu gaggawa suka fi tsallakewa. Jirgin da ya yi wata takwas a tudu ba a loda masa mutane ranar da aka mayar da shi ruwa. Ana ɗaure shi a wuri marar zurfi, a bar shi ya sha ruwa kwana uku zuwa mako guda, katakon ya kumbura haɗin ya matse. Sannan a kwarfe shi tas, a bar shi ya kwana, a dawo da safe a ga yawan ruwan da ya shiga. Wannan gwajin kwana ɗaya shi ne ke faɗa wa mai jirgi gaskiyar abin da ya mallaka.

Fasinjan da ba a ƙirgawa

Ga dalilin da ya sa na ɗauki yoyo da muhimmanci haka. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Shimfiɗar cikin jirgi irin nawa ta kai kamar murabba'in mita 4. Idan ruwa ya taru a ciki har zurfin santimita 10, wato bai ma rufe idon sawu sosai ba, lita 400 ke nan, kilo 400. Wannan nauyin buhun masara huɗu ne, ko manyan mutane shida. Jirgin da ke ɗaukar mutum takwas lafiya, idan yana yoyo, mutum takwas ɗin sun zama sha huɗu kafin a kai tsakiyar gulbi, alhali mai ƙirga kawuna a bakin gaɓa takwas ya gani.

Ruwan cikin jirgi kuma ya fi buhu haɗari, domin buhu yana zaune inda aka ajiye shi. Ruwa kuwa da zarar jirgi ya ɗan karkata, gaba ɗayansa zai kwarara zuwa gefen da ya yi ƙasa, ya ƙara danna shi. Fasinjoji su firgita su miƙe, su ruga ɗaya gefen, ruwan ya bi su. Ga shi kuma nauyin ya riga ya cinye tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da fuskar gulbi, ta yadda ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta shigo. Abin da ake ba da labari a matsayin kifewar farat ɗaya, sau da yawa ya faro ne daga wata tsaga da ta buɗe tun watan Janairu.

Mu dubi abin da muka sani. A watan Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja zuwa Warra, a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, ya nutse da mutum fiye da 150, kuma jami'ai sun bayyana shi a matsayin tsohon jirgin katako da ya raunana. A ranar 30 ga Nuwamban shekarar, a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. A watan Yunin 2023 sama da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi na Jihar Kwara suna dawowa daga biki. A nan gida Zamfara, a watan Satumban 2024, jirgin da ya ɗauko manoma zuwa gonakinsu a Gummi ya kife, aka ba da rahoton rasuwar fiye da 40. Allah Ya jiƙansu da rahama.

A kusan duk waɗannan labarai jumlar da muke rubutawa ita ce an yi wa jirgin lodi fiye da kima. Gaskiya ce, kuma ba na rage mata nauyi. Amma kima ba lamba ce da aka rubuta a dutse ba. Kimar jirgi tana raguwa da shekarunsa, da yawan ruwan da katakonsa ya sha, da halin ƙusoshinsa. Tambayoyin da ya kamata su biyo baya su ne: shekarar jirgin nawa? Yaushe aka yi masa gyara na ƙarshe? Mutum nawa ne ke kwarfar ruwa lokacin da ya tashi? Wa ya duba shi kafin damina? Idan ba a yi waɗannan tambayoyi ba, laifin yakan tsaya a kan fasinjojin da suka rasu, waɗanda ba su da wata hanyar zuwa gona ko kasuwa sai wannan jirgin.

Mu mutanen Gusau muna da namu darasin a kan abin da ake bari sai ranar buƙata. A ƙarshen Satumban 2006 madatsar ruwan garin ta ɓalle bayan mamakon ruwan sama, ta rushe ɗaruruwan gidaje, rahotannin lokacin suka ce kimanin mutum 40 sun rasu, kuma an danganta abin da ƙofofin sakin ruwa da suka ƙi buɗuwa. Ƙofar madatsa da haɗin jirgi hukuncinsu ɗaya: da rani ake duba su.

Wa zai duba?

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, tana da dokoki a kan sanya rigar ruwa, da hana tafiyar dare, da hana lodi fiye da kima. Bayan kowane babban haɗari akan ji kiran a daina amfani da jiragen katako a koma na zamani, akan kuma raba rigunan ruwa. Duk wannan yana da kyau. Sai dai manomin Gummi ko na Bunguɗu ba zai iya sayen jirgin roba ko na ƙarfe a bana ko baɗi ba, kuma babu hukumar tarayya da ke da ma'aikatan da za su tsaya a kowane mashigi na gulbin da ke rayuwa wata huɗu a shekara. Jirgin katako zai ci gaba da zama gadar talaka na tsawon lokaci. Abin da ya rage shi ne a sa shi ya zama lafiyayye.

Masu ilimin yin haka suna nan tare da mu. Kusan kowane gari na bakin gulbi yana da Sarkin Ruwa, kuma sarkawa sun san lafiyayyen jirgi da kunne kafin ido. Abin da nake ganin zai yiwu, ba tare da jiran kasafin Abuja ba, shi ne masarautu da ƙananan hukumomi su sa rana guda a watan Yuni, a tara duk jiragen fito na yanki, Sarkin Ruwa da kafinta su duba su ɗaya bayan ɗaya, a yi musu gwajin kwana. Wanda ya tsallake a ja masa layi da fenti a jikinsa, iyakar inda ruwa zai kai idan an yi lodi, a rubuta yawan mutanen da zai ɗauka. Manyan jiragen teku suna da irin wannan layi tun ƙarni na 19, bayan gwagwarmayar wani ɗan majalisar Ingila mai suna Samuel Plimsoll. Amfanin layin shi ne kowa na iya karanta shi. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta ga ruwa ya rufe fenti ta ce ba za ta hau ba.

Sai batun kuɗin gyara, wanda shi ne ainihin cikas. Mai fito yana samun kuɗinsa da damina, gyara kuma yana zuwa a watan Mayu, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma ana neman kuɗin taki. Shi ya sa ake yin faci inda ya kamata a sauya falanki. Ni na buɗe wa jirgina asusu tun watan Agusta, duk abin da maƙwabtan gona suka bayar na fito ana ware kashi ɗaya cikin uku a ajiye. Ƙungiyar 'yan fito na iya yin haka ta hanyar adashi, a riƙa kwasa da bazara. Ɗan majalisar da ke neman abin yi wa mazaɓarsa kuma, gangar kwalta da kwalin ƙusa da katako a watan Mayu sun fi buhunan shinkafar ta'aziyya a watan Satumba.

Na ja wa nawa jirgin layi da jan fenti, na kuma yi yarjejeniya da mai tuƙin cewa mutum shida ne, yawan rigunan da muke da su, ko da na bakwai ɗin ɗan'uwana ne. Hakan ya jawo mini 'yan maganganu, domin a bakin gulbi kowa na sauri, hadari na haɗowa, kuma hana mutum hawa yana kama da rowa. Amma mafi yawan masu hawa jirgin nan ba su iya iyo ba: 'yan ƙwadago ne, da mata masu kai abinci gona, da yara. Ba sa duba ƙusa, ba sa ƙwanƙwasa katako. Suna hawa ne bisa amanar cewa mai jirgin ya riga ya duba.

Idan kana da ɗan'uwa mai jirgin fito, ko kana da faɗa a ji a wata ƙaramar hukuma da gulbi ya ratsa, tambaye shi a ina jirgin yake kwance yanzu, a rana ko a inuwa, a ƙasa ko a kan bulo. Amsar za ta gaya maka abu mai yawa game da daminar da ke tafe, kuma yanzu ne take da amfani, tun gulbi yana rairayi.